Ranar Da Aka Ce Jirginka Zai Zo Ba Alƙawari Ba Ce



Yau zan ɗan kauce daga abin da aka saba, in kai ku wani lungu na wasannin kwamfuta da ba kowa ke leƙa shi ba. Akwai wasannin da babu harbi a cikinsu, babu tsere, babu ƙwallo. Ɗan jari ake ba ka da filin jirgi guda, a ce ga shi nan, ka kafa kamfanin jiragen sama, ka riƙe shi kada ya karye. Kai za ka zaɓi garuruwan da jiragenka za su riƙa zuwa, kai za ka yanka kuɗin tikiti, kai za ka ɗauki ma'aikata, kai za ka nemo jiragen. Irin wannan wasa ba yau aka fara shi ba, domin kamfanin Koei na Japan ya fitar da Aerobiz tun 1992. Na yanzu, irin su AirwaySim da AirlineSim, a intanet ake buga su, mutane da yawa a cikin duniya guda, kowa da kamfaninsa, ana rububin fasinjoji da filayen sauka.

Akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a tsakanin masu irin wannan wasa. Mutum ya yi odar sabon jirgi, ya biya kuɗin kafin alƙalami, allo ya nuna masa wata kaza ga shekara kaza. Ya tsara komai a kan wannan rana. Bayan kwana biyu ya dawo ya tarar ranar ta motsa. Sai ka ji ana cewa wasan ya lalace, ko masu shi ba su san aikinsu ba, ko ana fifita wasu.

Ra'ayina shi ne, motsin wannan rana yana cikin abubuwan da wasan ya fi faɗar gaskiya a kansu, kuma duk wanda ya nemi a kafe ranar ta daina motsi, ba gyara yake nema ba, so yake a cire wa wasan ƙashin baya. Amma ina da sharaɗi, zan zo kansa.

Mu fara da abin da ranar take nufi. Idan ka sayi sabon jirgi, ba jirgi aka sayar maka ba, domin ba a ƙera shi ba tukuna. Gurbi aka sayar maka a cikin layi. Masana'anta tana da adadin jiragen da take iya fitarwa a wata, akwai kuma mutanen da suka riga ka yin oda. Ranar da ka gani a allo sakamakon lissafi ce kawai: nawa ne a gabanka, nawa ake fitarwa a wata. Mu ɗauka ana fitar da jirgi 10 a wata, kai kuma na 45 ne a layi. Jirginka zai fito a wata na biyar. To, a ce masana'antar ta rage aiki ta koma jirgi 6 a wata. Ba wanda ya tsallake ka, ba wanda ya taɓa odarka, har yanzu kai ne na 45, amma jirginka ya koma wata na takwas. A ce kuma ƙara aiki ta yi zuwa jirgi 15 a wata, sai ka gan shi a wata na uku. Lamba ɗaya ce ta canza, kuma ba a hannunka take ba.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wajen tela ana saura mako uku Sallah ya san wannan lissafi ko da bai taɓa rubuta shi ba. Ranar da tela ya faɗa maka ta dogara ne da tulin yadin da ke bayan kekensa, da ko yaronsa zai zo aiki, da ko za a kawo wuta.

Me zai sa masana'antar cikin wasa ta canza yawan abin da take fitarwa? Kasuwa. Idan aka yi wa wani samfuri caa, oda ta taru, hankali ya ce a ƙara aiki. Idan aka juya masa baya saboda sabon samfuri ya fito wanda ya fi shi ƙarancin shan mai, sai a rage, daga ƙarshe a rufe layin gaba ɗaya. Ga kuma abin da ya keɓanta da wasan da mutane da yawa ke bugawa tare: waɗanda ke gabanka a layi mutane ne irinka. Wani zai fasa odarsa. Wani kamfaninsa zai karye. Wani zai gaji da wasan ya daina shiga. A ce a cikin mutanen da ke gabanka akwai mai odar jirgi 20, sai ya durƙushe. Idan ƙa'idar wasan ita ce layi ya matso, daga na 45 ka koma na 25, jirgin wata na biyar ya dawo wata na uku. Idan kuma ƙa'idar ita ce a bar gurabensa a buɗe, sai wanda ya zo bayanka da makonni ya tsinci gurbin da ya riga naka, kana ji kana gani. Kowace ƙa'ida aka ɗauka, akwai wanda za ta ɓata wa rai.

Sai maganar agogo. A AirwaySim lokaci gudu yake yi, rana guda ta wasa ba ta kai awa guda ba, kuma duniyar ba ta tsayawa don ka kwanta barci. Wata guda na wasa kan shuɗe cikin kamar kwana ɗaya. Abin da a duniyar gaske zai zo wa shugaban kamfani a hankali, da wasiƙu da tarurruka da kiran waya, kai da safe za ka tashi ka tarar an gama shi. Rabin zafin da ake ji daga nan yake.

Yanzu ga wurin da nake so mu ɗan zauna. Kowa ya san illar jinkiri. Ka riga ka sayi guraben sauka da tashi a filin da kake son fara zuwa, ka ɗauki matuƙa kana biyan su albashi, wataƙila ma ka mayar da tsohon jirgin da ka yi haya saboda ka sa ran sabon. Jirgi bai zo ba, albashi yana tafiya, abokin hamayyarka ya shiga hanyar ya kwashe fasinjojin. Wannan a fili yake. Abin da sababbin 'yan wasa ba su cika lura da shi ba shi ne, jirgin da ya riga lokacinsa zuwa ya fi wanda ya makara saurin kashe ƙaramin kamfani.

Ga yadda abin yake. Ba a biyan kuɗin jirgi gaba ɗaya ranar oda. Kafin alƙalami ake bayarwa, kaso mafi tsoka sai ranar karɓa. Haka ake yi a duniyar gaske, haka wasannin suka kwaikwaya. Mu ɗauka jirgin dala miliyan 50 ne, ka ba da miliyan 10, saura miliyan 40. An nuna maka wata na takwas, kamfaninka kuma yana tara ribar miliyan 5 a wata. Lissafi ya fita daidai wa daida. Sai wani babba ya karye a gabanka, ko masana'anta ta ƙara aiki, ranar ta dawo wata na biyar. Miliyan 25 gare ka a hannu, ana binka 40. Ko dai ka ci bashi da ruwa mai tsada, ko ka karyar da wani jirginka a kasuwa, ko asusunka ya faɗa rami. Kuma ko ka samo kuɗin, matuƙan ba su shirya ba, hanyar da jirgin zai bi ba ta buɗe ba, sai ya zauna a ƙasa yana cin kuɗin inshora. Jirgin da ke ajiye ba ya kawo ko kwabo. Mai jinkiri yana zubar maka da jini ne a hankali, mai riga lokaci kuwa a rana ɗaya yake neman kuɗinsa.

Wannan ne ya sa nake ganin kalmar “jinkiri” ma ba ta kama matsalar ba. Matsalar ita ce ka gina tsari a kan rana guda kamar dutse ce, alhali ruwa ce.

Wani zai ce ai duk wannan ƙirƙirar masu wasa ce don su wahalar da mutane. To, mu leƙa masana'antun gaske.

Kamfanin Boeing ya fito da jirginsa samfurin 787 ya nuna wa duniya ranar 8 ga Yuli, 2007. An zaɓi ranar ne don a yadda Amurkawa ke rubuta kwanan wata, tana ba da 7, 8, 7. Abin da aka nuna kusan ƙwarya ce marar komai a ciki, sassanta riƙe da ƙusoshin wucin gadi, domin ainihin ƙusoshin sun yi ƙaranci. An rarraba aikin ƙera sassan jirgin ga kamfanoni a ƙasashe daban-daban, fikafikai daga Japan, wasu sassan gangar jiki daga Italiya, sai sassan suka riƙa isowa ba a kammala su ba. Kamfanin All Nippon Airways na Japan, wanda shi ne farkon mai oda, an shirya zai karɓi jirginsa a Mayun 2008. Jirgin bai ma fara tashi ba sai Disamban 2009, kuma ba a miƙa shi ba sai Satumban 2011. Fiye da shekara uku. Wannan fa shi ne na ɗaya a layi, ba wanda ke gabansa. Ka ƙiyasta halin na hamsin.

Labarin A380 na kamfanin Airbus ya fi wannan ban mamaki. Jirgi ne mai hawa biyu, mafi girma a cikin jiragen fasinja, da wayoyin lantarki da tsawonsu ya kai kusan kilomita 500 a cikinsa. Injiniyoyin Jamus da na Faransa sun yi zanen ne da manhaja ɗaya mai suna CATIA, amma waɗancan da tsohon zubi, waɗannan da sabo. Da aka zo haɗa sassan da aka ƙera a Hambug da sauran jirgin a Tulus, sai aka tarar wayoyi da yawa ba su kai inda ya kamata su kai ba. Dole aka koma ana warwarewa ana sake shimfiɗawa da hannu. Singapore Airlines bai karɓi na farko ba sai Oktoban 2007, bayan an ɗaga ranar sau da dama, shugabannin kamfanin kuma wasu suka rasa kujerunsu. Ba yaƙi, ba gobara, ba girgizar ƙasa. Waya ce ta gaza tsawo.

Na baya-bayan nan ba sai na ja su ba. An dakatar da 737 MAX daga tashi a faɗin duniya a Maris 2019 bayan haɗurra biyu, na Indunusiya da na Habasha, waɗanda suka ci rayuka 346, kuma Amurka ba ta sake ba shi izini ba sai Nuwamban 2020. A Janairun 2024 wani murfin ƙofa ya ɓalle daga jirgin Alaska Airlines yana sama, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta hana Boeing wuce jirgi 38 a wata a wannan layi. A kakar 2024 ma'aikata kusan 33,000 suka shiga yajin aiki na sama da mako bakwai. A ɓangaren Airbus kuma, matsalar da aka gano a 2023 a garin ƙarfen da aka ƙera wasu sassan injin Pratt & Whitney da shi ta zaunar da ɗaruruwan jirage a ƙasa, an kuma sha ganin jiragen da aka gama ƙerawa suna jere a harabar masana'anta suna jiran inji. Ryanair, da duk girmansa da yawan cinikinsa da Boeing, ya sanar a 2024 cewa a cikin jirage 57 da ya sa rai kafin lokacin bazarar Turai, 40 kawai zai samu, ya rage zirga-zirgar da ya tsara.

Idan aka ɗora wannan kusa da abin da wasa ke yi wa mutum, wata biyu gaba ko wata uku baya, sai a ga ashe sassauci ma aka yi masa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce wasa wasa ne. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ya sa datarsa, wani ma ya biya kuɗin shiga, ba don a sake ɗora masa ciwon kan da ya baro a ofis ba. Ba duk abin da ke faruwa a duniya ne ya cancanci a kwaikwaye shi ba. Ai ba a sa ɗan wasa ya cike takardun haraji, me ya sa za a sa shi jiran jirgi?

Bambancin shi ne, cike takarda ba ya sa ka yanke wata shawara, rashin tabbas ɗin rana kuwa shi ke haifar da kusan duk shawarwarin da suka sa wasan ya zama wasa. A ce ranar a kafe take, ba ta motsi ko da me. Me zai kai ka kasuwar jiragen hannu, ka sayi tsohon jirgi mai shan mai? Me zai sa ka tsawaita haya da wata shida don kariya? Me zai sa ka ajiye kuɗi a asusu maimakon ka zuba su duka a sabuwar oda? Me zai sa ka tsaya tunanin ko ka bi samfurin da kowa ke bi mai dogon layi, ko ka ɗauki wanda ya ɗan gaza shi amma layinsa babu kowa? Duk waɗannan tambayoyi sun mutu. Abin da zai rage shi ne lissafin da kowa zai iya yi sau ɗaya ya rubuta a takarda, na baya su kwafa. Wanda ya fi kowa jari ya yi oda mafi yawa, ya zauna yana ƙirga kwanaki. Rashin tabbas ne ke ba ƙaramin kamfani mai taka-tsantsan damar ya tsira a ranar da babba mai haɗama ya shaƙe da odarsa.

Ga wani ɗan abu a gefe, tunda zauren marubuta muke. Hausa tana da hanya biyu ta faɗar abin da bai faru ba tukuna. Akwai “zan zo”, akwai kuma wadda muke ji a cikin “ma gani” ko “ka ji jiki”, wadda ba ta ɗaure mai magana kamar ta farko. Ranar da ke allon wasa da harshen “ya zo” na biyun nan take magana, mai wasa kuma yana karanta ta da “zai zo”. Da masu tsara allon sun san wannan bambanci, da an rage faɗa.

Wannan ya kawo ni ga sharaɗin da na ambata. Na yarda rana ta motsa, ban yarda ta motsa a ɓoye ba. A nan masu ƙorafi suna da gaskiya, kuma ba ƙarama ba.

Kamfanin gaske idan aka ɗaga masa rana, ana sanar da shi, ana faɗa masa dalili, yana da yarjejeniya a rubuce. Yakan nemi diyya, ko rangwame a oda ta gaba, kuma galibi idan jinkirin ya wuce shekara guda yana da ikon ya fasa ya karɓi kuɗinsa. Wasan da ya kwaikwayi jinkirin ya bar waɗannan, rabin gaskiya ya ɗauka, kuma rabin da ya fi ɗaci. Saƙo guda ya isa: an rage aikin wannan layi daga kaza zuwa kaza, odarka ta koma wata kaza. Da wannan, ɗan wasa ya koyi wani abu, gobe zai duba lafiyar layi kafin ya sa kuɗinsa. Ba tare da shi ba, abin da zai koya kawai shi ne wasan ba shi da amana. Haka kuma in da ni ke tsara allon, ba zan nuna rana guda ba sam ga jirgin da ke da sauran shekara. Zan nuna tsakanin wata kaza da wata kaza, tazarar tana ƙanƙancewa yayin da lokaci ke matsowa. Idan kuma rana za ta dawo baya, a tambayi mai oda ko yana so, domin ba a tilasta wa mutum biyan bashi kafin wa'adinsa.

Akwai kuma irin motsin da ba na karewa ko kaɗan, wato wanda ba shi da tushe a cikin duniyar wasan, kwamfuta ce kawai ta jefa ƙuri'a ta ce yau kai ne. Jinkirin da ya fito daga layi, mai lura zai iya hango shi: ya ga oda ta yi yawa, ya ga babban kamfanin da ke gabansa yana tangal-tangal, ya ga samfurin ya kusa tsufa. Na ƙuri'a ba mai hango shi, don haka ba ya bambanta gwani da ɗan koyo. Haka nan idan ƙa'ida ta bar mutum biyu ko uku masu manyan jari su kwashe guraben shekara biyar na samfurin da kowa ke buƙata, wanda ya shigo daga baya ba wasa yake yi ba, kallo yake yi. Nan ma gyaran ba kafe rana ba ne, iyakance yawan gurbin da kamfani ɗaya zai riƙe a wata ne.

Shi kuwa mai wasa, abin da ke hannunsa bai da yawa amma ya isa. Kada wa'adin hayar tsohon jirgi ya ƙare a watan da ake sa ran sabo, a bar tazara ko da za a biya hayar wata biyu a banza. Kada a kashe kuɗin cikon jirgi a kan wata odar. Idan jirage goma ake so, a rarraba su a watanni, kada su taru su faɗo a mako guda. A sayi gurbin sauka idan jirgi ya kusa, ba ranar oda ba.

Manyan kamfanonin gaske ma abin da suke yi ke nan, da kuɗin da ya fi na wasa zafi. An ƙaddamar da shirin 777X a 2013 da niyyar fara miƙa shi a 2020, shekarar 2025 ta zo ba a miƙa ko ɗaya ba. Emirates, wanda ya fi kowa yawan oda, ya zuba biliyoyin daloli yana sabunta kujeru da cikin tsofaffin jiragensa na A380 da 777 don su ƙara shekaru suna aiki. Lufthansa kuma, da ke sahun farko na masu jira, ya ci gaba da tashi da tsofaffin 747-400 da A340 masu inji huɗu, waɗanda bisa tsarinsa na farko da tuni sun yi ritaya.